Fankar Tsohuwar Mota: Ƙaramin Gyara, Babban Lissafi a Zangon Kumasi

Akwai wata 'yar fanka da ke ɓoye a ƙarƙashin dashbod ɗin mota, wadda da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganinta da ido ba, sai dai mu ji iskarta. Ita ke huro sanyin esi lokacin bazara, ita ke huro ɗumi a daren hunturu, ita ce kuma ke kore raɓar da ke rufe gilashin gaba idan ruwan sama ya tsinke. Girmanta bai wuce na ƙaramar ƙwarya ba. To amma ranar da ta tsaya, a ranar ne mai tsohuwar mota ke gane cewa dokokin kwastan, da faɗuwar darajar kuɗi, da rufe iyakoki duk sun biyo shi har cikin motarsa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ɗauki wannan ƙaramin gyara mu auna babban al'amari da shi, wato makomar tsofaffin motocin da kasuwancinmu ya dogara a kansu.

Duk wanda ya san Aboabo da Asawase da Sawaba da sauran unguwannin Zangon Kumasi ya san cewa ba da sababbin motoci ake neman abinci a nan ba. Haka abin yake a Bawku da Sinkase, haka a Ƙonni da Illela da Jibiya da Maigatari. Motar da ta gama aikinta a Amurka ko Jamus ita ke zuwa ta fara sabuwar rayuwa a hannunmu, mutanen Gana su kira ta hom-yus, mutanen Nijeriya su ce tokumbo ko 'yar Kwatano. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da wani rahoto a shekarar 2020 da ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu har miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowa kwasa. Ke nan tsohuwar mota ita ce jakin fataucin wannan zamani. Kakanninmu da suka riƙa bin hanyar Gwanja sayen goro kuwa ba su tashi ayari sai sun san yadda za su ɗinke akumari idan ya yage a daji.

Gwamnatoci da tsohuwar mota

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2020 majalisar dokokin Gana ta yi wa dokar kwastan gyaran fuska, inda ta haramta shigo da motocin da suka yi haɗari da kuma wasu da suka haura shekara 10. Manufar ita ce a buɗe wa kamfanonin haɗa motoci kasuwa, domin a watan Agustan wannan shekarar ne Volkswagen ya fara haɗa motoci a Akra, Toyota ya biyo baya a Tema a 2021, sannan Nissan a 2022. An shirya haramcin ya fara aiki a watan Nuwamban 2020, amma dillalan motoci da masu sayar da kayan gyara da makanikai suka yi ca, ga zaɓe ya ƙarato a watan Disamba, sai gwamnati ta dakatar da shi tun bai fara ba. Dama tun kafin wannan doka, duk motar da ta wuce shekara 10 akan ɗora mata tarar tsufa a tashar jirgin ruwa, tarar da ke ƙaruwa gwargwadon shekarun motar.

Ba Gana kaɗai ba ce. A watan Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS sun amince a Wagadugu cewa a kai ga taƙaita shekarun ƙananan motocin da ake shigowa da su zuwa 5, manya kuma 10, tare da bai wa ƙasashe wa'adin shirya kansu. Nijeriya kuwa ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun daga 1 ga Janairun 2017, ta kuma rufe iyakokin nata a watan Agustan 2019, sai a Disamban 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, su Jibiya da Kamba suka jira har 2022. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sake jawo wani rufin, wanda ya tsayar da motocin albasa da ke kan hanyarsu ta zuwa Gana, aka kai farkon 2024 kafin a ɗage takunkumin. Can a Turai ma, a watan Yulin 2023 hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da daftarin dokar da zai hana fitar da motocin da ba su cancanci hawa titi ba.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan matakai ba su sa ɗan kasuwar Zango ya sayi sabuwar mota ba, domin ba shi da kuɗinta, bankin da zai ba shi rance kuma kuɗin ruwansa ya fi ƙarfin ribar goro da albasa. Abin da suka haifar shi ne tsadar motar hannu, da tilasta wa kowa ya ci gaba da lallaɓa wadda yake da ita. Motar da a da za a sayar bayan shekara biyar a sake wata, yanzu sai ta ninka haka a hannun mutum ɗaya. Mota kuwa idan ta tsufa, ƙananan abubuwa ne ke fara mutuwa, su fanka da makunni da wayoyi, kafin inji ya ce uffan.

Sai kuma maganar kuɗi. A shekarar 2022 sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba, har ƙasar ta nemi agajin dala biliyan 3 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda aka amince da shi a watan Mayun 2023. A Nijeriya an cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka saki naira ta nemi matsayinta a watan Yuni. Da yake kusan kowane kayan gyara da dala ake sayo shi, farashinsa ya bi dala ya hau. Ko da sidi ya farfaɗo a shekarar 2025, sai da aka yi ta kiraye-kiraye ga 'yan kasuwa kafin wasu su rage farashi. Mu kanmu 'yan kasuwa mun san dalili: wanda ya saro kaya da tsada ba ya son ya sayar da asara, farashi kuma saurin hawa gare shi, nawar sauka.

Ni'imar da ke bayan gidanmu

Allah Ya yi wa mutanen Kumasi wata baiwa da garuruwa da yawa ba su samu ba, wato Magazin ta Suame, wadda ke bakin hanyar da ta miƙe arewa zuwa Techiman da Tamale da Paga. Tun a shekarun 1930 masu gyara suka fara taruwa kusa da tsohon ma'ajin makamai na Turawan mulkin mallaka, daga nan sunan ya samo asali, kafin daga baya su koma Suame. Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne mutum kusan 200,000 ke cin abinci a wurin, tsakanin makanikai da 'yan walda da masu zuba ƙarfe da masu shagunan kayan gyara. A 1980 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi ta kafa cibiyar koyar da fasaha a cikin kasuwar, a 2013 kuma masu sana'ar wurin suka haɗa kai da wasu 'yan ƙasar Holan suka ƙera mota sukutum da suka raɗa wa suna Kunkuru. Matsayin Suame a Gana kamar na Ladipo ne a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano, takwararta kuma a Akra ita ce Abossey Okai.

To tunda ga Magazin a bayan gida, me zai sa Alhaji ya ɓata hannunsa da baƙin mai? Amsa ita ce Magazin ba ta bin mutum zuwa kan hanya. Wanda dare ya yi masa tsakanin Kintampo da Tamale cikin ruwan sama, gilashi ya yi fari fat da raɓa, fanka kuma ta ƙi tashi, ba shi da zaɓi sai dai ya riƙa goge gilashi da tsumma da hannu ɗaya yana tuƙi da ɗayan, ko ya tsaya a inda bai kamata a tsaya da kaya da kuɗi ba. Wannan ya wuce maganar jin daɗi, magana ce ta rai. Bayan haka, wanda ya je gareji bai san ciwon motarsa ba, komai aka faɗa masa sai ya biya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yadda ake gane ciwon

Aikin fankar nan ba shi da sarƙaƙiya. Wuta na tasowa daga batir, ta bi ta fiyus, ta bi ta makunnin da ke gaban direba, ta ratsa wani ɗan ƙarfe da ake kira rizisto wanda ke rage ƙarfin wutar domin a sami gudu na ɗaya da na biyu da na uku, sannan ta isa ga ɗan injin da ke juya fankar. Iskar da ta huro ita ke bi ta kan bututun sanyi na esi, ko ta kan wani ƙaramin lagireto da ruwan zafin inji ke ratsawa, ta fito da sanyi ko da ɗumi. Saboda haka mutuwar iska ba lallai ba ne mutuwar fanka, kuma kowace alama da inda take nuni.

Idan fanka na aiki a gudu na ƙarshe kawai, sauran sun mutu, mafi yawan lokuta rizisto ne ya ƙone, domin gudun ƙarshe ba ya bi ta cikinsa. Idan ba ta motsi ko kaɗan, a fara duba fiyus, wanda kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Idan sai an bubbuga ƙarƙashin dashbod take tashi, to kabon ɗin cikin injinta ne ya cinye. Idan tana kuka ko gurnani, ko dai boris ya bushe, ko ganye da tsummokaran ɓera sun shiga cikinta. Idan kuwa ana jin ƙarar gudunta amma iska ba ta fitowa sosai, a duba matatar iskar da yawancin motocin bayan shekarar 2000 ke da ita, domin ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe ta.

A motoci da yawa, musamman ƙananan motocin Japan da suka cika titunanmu, fankar na ƙarƙashin ɗan akwatin ajiyar takardu da ke gaban fasinja. Abu na farko, a kashe mota a cire wayar batir mai alamar ragi. Sai a sauke akwatin ko murfin da ke ƙarƙashinsa, a zare soket ɗin wuta, a kwance sukurori, galibi uku ne, fankar ta sauko a hannu. Kafin a sayi wata, a haɗa tsohuwar kai-tsaye da batir ta wayoyi biyu, a riƙe ta da kyau: in ta juya da ƙarfi ba ƙara, to lafiyarta ƙalau, ciwon na wani wuri. In ta ƙi, sai a share gurbinta, a sa sabuwa, a mayar da komai yadda aka same shi, a gwada kowane gudu. Ga wanda ya natsu, aikin ba ya cin wuni, kayan aikin kuma ba su wuce sukundireba da ƙaramar sifana da tocila ba.

Akwai abubuwa uku da muke jan kunnen 'yan'uwa a kansu. Na farko, kada a maye gurbin fiyus da ya ƙone da waya ko takardar sigari, ko da wani mai lamba mafi girma. Fiyus mai gadi ne, yana mutuwa ne domin kada wayoyi su kama wuta, wanda ya ɗaure shi da waya ya kori mai gadi ya bar ƙofa a buɗe. Na biyu, wayoyi da soket masu launin rawaya na jakar iskar nan ne da ke fashewa lokacin haɗari, ba a taɓa su. Na uku, idan rizisto ya ƙone sau biyu a jere, to fankar ce ta yi tauri take jan wuta fiye da kima, canza rizisto kaɗai zubar da kuɗi ne.

Araha ba ta ado

A wajen sayen kayan ne ɗan kasuwa ya kamata ya nuna cewa shi ɗan kasuwa ne. Kaya iri uku ne a kasuwa: na asali sabo dal, wanda kuɗinsa ke sa mutum zufa, da na hannu da aka ciro daga motar da aka fasa a ƙasashen waje, da kuma sabon kwaikwayo mai araha wanda wani ya yi shekaru, wani kuma ko wata uku ba ya kaiwa. Akwai hanya ta huɗu da aka fara mantawa da ita, wato a kai wa mai gyaran wuta ya sauya kabon ya sa wa boris mai, fankar ta ƙara shekaru.

Wani tarko da ba kowa ya san shi ba shi ne na hannun tuƙi. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Gana ta bi sahu a 1974, don haka motocinmu sitiyarinsu na hagu ne. Amma kwantenonin kayan gyara kan zo da kayan da aka ciro daga motocin Japan da Ingila, inda sitiyari ke dama. Fankar irin waɗannan motoci sau da yawa a juye take, ko ta ƙi zama a gurbinta, ko ta zauna amma iskarta ta zama ba ƙarfi, alhali sunan mota ɗaya ne, shekara ɗaya. Haka kuma ƙananan motoci wutarsu 12 ce, manyan motoci da yawa 24, ba a musanya su. Maganin wannan shi ne a tafi kasuwa da tsohuwar fankar a hannu, a gwada lamba da lamba, soket da soket, a sa mai shago ya haɗa ta da batir a gaban ido, a kuma yi yarjejeniyar mayarwa. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Wannan ilimi ya shafi har waɗanda ba su da mota. Da yawa daga cikinmu na sarar kayan gyara daga Kumasi ko Legas ko Lome su kai kasuwannin kan iyaka. Wanda ya san bambancin kaya, abokin ciniki zai dawo masa. Wanda ya tura wa mutum abin da bai dace ba ya ci ribar rana ɗaya, ya zubar da sunan shekara goma, ga kuma haƙƙi a wuyansa.

Ita kanta sana'ar ba ta tsira daga siyasa ba. A watan Yunin 2019 an rufe shagunan 'yan Nijeriya masu sayar da kayan gyara a Suame, bisa hujjar dokar zuba jari ta 2013 da ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa. Mutanen Zango, waɗanda dattawansu ba su manta da korar baƙi ta 1969 a zamanin Busia ba, sun san yadda irin wannan wuta ke tashi da inda take ƙarewa. Duk lokacin da aka rufe shago ko iyaka, kaya na ƙaranci, farashi ya hau, mai tsohuwar mota ne ke biyan kuɗin rigimar da ba shi ya tayar ba.

Inda hannun mai mota ya tsaya

Kada a fahimce mu da cewa muna kira a daina zuwa gareji. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Akwai motocin da sai an sauke fedar birki ko an kwance dashbod gaba ɗaya kafin a kai ga fankar, waɗannan aikin masu sana'a ne. Bututun gas na esi ma ba na mai koyo ba ne. Haka motocin da ke daidaita sanyi da kansu, ba rizisto gare su ba, wata 'yar na'ura ce mai tsada da kuskure ɗaya ke ƙonawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da muke cewa shi ne mai mota ya san abin da zai iya, ya kuma san isasshen abin da zai hana a yi masa rufa-ido a kan wanda ba zai iya ba. Makaniki na gari ma ya fi son abokin ciniki mai fahimta, domin ba ya zarginsa a kan abin da bai yi ba.

Sai dai akwai hadarin da ke haɗowa. Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da kafar da ake jona kwamfuta a karanta ciwonta, kowace shekara kuma kwamfuta na ƙara mamaye mota. Motocin da ake ƙerawa yau su ne hom-yus ɗin shekara goma masu zuwa, cikinsu har da masu aiki da lantarki zalla. A jihar Massachusetts ta Amurka sai da jama'a suka kaɗa ƙuri'a a 2012, suka sake a 2020, domin tilasta wa kamfanoni su bai wa masu mota da ƙananan gareji bayanan gyara. Idan masu ƙera motar ma sai da suka yi wannan gwagwarmaya a gida, ina ga yaron Aboabo da ke koyon aiki da kunne da guduma? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A ganinmu, ƙidayar shekaru ba ita ce ma'aunin lafiyar mota ba. Motar shekara 15 da ake kula da ita ta fi ta shekara 6 da ambaliya ta shanye aka wanke aka turo mana. Abin da ya fi dacewa shi ne hukumomi su tsaurara binciken lafiyar mota kafin a loda ta a jirgi da kuma bayan ta hau titi, su sa ido kan ingancin kayan gyaran da ke shigowa, su sassauta kuɗin fito a kan waɗanda suka shafi tsaron rai, sannan su kai horon wutar mota da kwamfuta cikin Suame da Zango, inda yaran suke. Shugabanninmu na Zango da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa su ma suna da rawar takawa: kuɗin da ake kashewa a biki ɗaya ya isa ya sayi na'urar binciken mota ya kuma biya wa samari da dama kuɗin koyo.

Kafin gwamnatoci su waiwayo mu kuwa, abin da ke hannunmu ba ya buƙatar dokar majalisa. Kowane mai mota ya san inda akwatin fiyus ɗin motarsa yake, ya ajiye 'yan fiyus na ko-ta-kwana da sukundireba da tocila, ya kakkaɓe matatar iska bayan hunturu, ya kuma kunna fankarsa ya saurare ta tun damina ba ta kankama ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa wa nemanmu albarka, amin.